Ɗakin Sanda a Firizar Kaji

Duk wanda ya zauna da Jeremiah Goyol na minti goma sai ya tashi da sanin abu biyu game da shi, ko yana so ko ba ya so. Na farko, shi mutumin Pankshin ne, can kan tsaunukan Filato, saboda haka babu mahalukin da zai gaya masa sanyi. Na biyu, aikinsa ba ya dawowa. Wannan na biyun har sa wa ya yi aka rubuta a ƙofar shagonsa da ke unguwar Al Qusais a Dubai, da Larabci da Turanci, sannan shi da kansa ya ƙara da Hausa a ƙasa da jan fenti, duk da cewa Hausawan da ke bi ta layin ba su taka kara sun karya ba.

Sana'arsa ita ce hana zafi shiga inda ba a gayyace shi ba. Ƙananan motocin nan da ke yawo da madara da kaji da kifi a titunan Dubai, da yawansu ta hannunsa suka bi. Shi ke cusa musu soso da audugar gilashi a bango, ya liƙe ƙofa da roba, ta yadda kifi zai tashi daga Deira da rana tsaka ya isa inda za shi bai san an yi rana ba.

Gyaran firji ya fara koya a Jos, a wani shago da ke Dilimi. Daga nan ya gangara Kano ya shekara huɗu yana kula da ɗakunan sanyin masu kifi a Sabon Gari, har wani ɗan kasuwa ya ga yadda yake liƙe ƙofa ko takarda ba ta ratsawa, ya ce masa irin wannan hannun ake nema a Dubai. A watan Yuli ya sauka. Yana fitowa daga filin jirgi gilashin idonsa ya yi fari fat da tururi, ya tsaya yana lalube da jaka a hannu, mutane suna kauce masa. Darasin farko ke nan da garin ya ba shi, kuma ya riƙe shi da kyau: a ƙasar nan danshi daga waje yake zuwa. Taga ta waje take zufa, kwalbar ruwa ta waje take zufa. Don haka duk bangon da zai yi, leda ce farko ta ɓangaren waje, a bi ta da salatef tsaf, sai auduga, sai katako. Shekara goma sha shida yana haka, har hannunsa ya daina neman shawarar kansa.

Amininsa Sanda direba ne, mutumin Malumfashi, dogo siriri marar yawan magana. Sun haɗu ne a wani ɗaki a Naif inda mutum takwas ke kwana a gadaje masu hawa biyu. Gadon sama aka ba Jeremiah, daidai bakin esi, kuma kafin kwana uku mura ta yi masa dirar mikiya. To amma mutumin da ya riga ya cika ɗaki da labarin Pankshin ina ya ga bakin cewa sanyi ya dame shi? Sanda ne ya lura. Ya ce shi dama gadon ƙasa ya yi masa gajarta, ƙafarsa tana bugun ƙarfe, in ba damuwa su yi musanya. Gadajen nan tsawonsu ɗaya ne, kowa ya sani. Shekara biyar Sanda ya kwana a bakin esin nan da hula da safa, bai taɓa tayar da maganar ba, ko a ranakun da Jeremiah ke rantsuwa cewa a garinsu ruwa na daskarewa a bokiti. Bayan su biyun mutum ɗaya ce ta san ainihin dalilin musanyar, wato Magdalena matar Jeremiah, wadda ke aiki a kicin ɗin wata makaranta, ita kuwa ba ta da kawaici irin na Sanda.

Yanzu Sanda yana tuƙi ne a gidan wani Balarabe mai kiwon shaho. Kowace shekara idan Oktoba ta kama, Arbab, kamar yadda ma'aikata ke kiran maigidan, yakan kwashi shahunansa da abokansa da ayarin motoci su tafi farauta Kazakistan, su yi wajen mako shida a wani fili da babu ko bishiyar da za ta tare wa mutum iska. Manya suna kwana a manyan motoci masu ɗaki da hita, direbobi da masu dafa abinci kuma a tanti. Bara Sanda ya dawo da tari, tari ya zama ciwon huhu, ya kwana ashirin a asibiti. Da za a sallame shi likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa idan ƙirjin nan ya sake shan irin wancan sanyin, kada ya yi tsammanin zai tashi da sauƙi.

Arbab ba mugu ba ne. Ya ce Sanda ya zauna a gida bana. Sanda ya ƙi, domin ya san direban da aka tafi ba shi sau ɗaya, an koyi tafiya ba shi ke nan. Sai Arbab ya tuna da wata tsohuwar karafan da ke gonarsa, wato ɗaki mai taya biyu da ake ja da mota, ya ce ya ɗauka ya kai duk inda ya ga dama a gyara masa, ta zama tasa shi kaɗai.

Ranar da Sanda ya jawo ta Al Qusais, ƙarshen Agusta ne, garin ya yi zafin da ko kyanwa ba ta tsallaka titi. Jeremiah ya zagaya ta sau biyu yana ƙwanƙwasa bango da yatsa. Ta haura shekara ashirin, bangonta bai fi gwangwanin sardin kauri ba, kuma ga dukkan alamu abincin awaki ake ajiyewa a ciki, don har da kashinsu a ƙarƙashin gado. Ya tambayi sanyin can nawa yake kaiwa. Sanda ya ce ya taɓa ganin ashirin ƙasa da sifiri a allon mota. Jeremiah ya ce ai kusan Pankshin ke nan. Kwana goma sha tara suka rage a loda motocin ayarin a jirgin ruwa.

A yammacin ranar A'i matar Sanda ta kira Jeremiah daga Malumfashi. Ba ta taɓa kiransa ita kaɗai ba, iyakarta gaisuwa idan Sanda ya miƙa masa waya ranar Sallah ko Kirsimeti. Ta tambayi Magdalena, ta tambayi 'yarsu Felicity da ke karatun jinya a Jos, sannan ta zo kan abin da ya kawo ta.

"Baban Felicity, ni ban san ƙanƙara ba sai ta kunun aya. Amma bara da suka ba shi waya a asibiti, ya yi mini sallama ban gane muryarsa ba. Na ce da wa nake magana. Amana ce na ba ka."

Ya buɗe baki zai ce mata shi ɗan Pankshin ne, sai ya ji maganar ba ta dace da wurin ba. Ya ce mata da yardar Allah mijinta zai dawo da ƙafarsa. Da ya ajiye wayar ya daɗe zaune a kan bokitin fenti, domin gaskiya tsoro ya kama shi, kuma bai saba ba.

Washegari tsoron ya koma aiki. Ya ɓaɓɓalle katakon ciki gaba ɗaya, ya kwashe 'yar tsohuwar audugar da ɓeraye suka rage, ya kankare tsatsa, ya sauya katakon ƙasa da ya ruɓe. A daɓen ya jera soso mai tauri, kaurin yatsa uku, ya rufe da sabon katako. Tankin ruwa da ke rataye a ƙarƙashin mota ya kwance shi ya dawo da shi ciki, ƙarƙashin gado, ya naɗe kowane bututu kamar jariri, domin ko bai je Kazakistan ba ya san abin da firiza ke yi wa kwalbar da aka manta a cikinta. Tagogi ya ƙara musu gilashin roba na biyu. Ƙofa ya zagaye ta da robar firji, irin wadda idan ka rufe sai ka ji ta ce tsut. Magdalena ta yanka tsofaffin barguna biyu ta ɗinka labule masu kauri, tana ɗinki tana tambayarsa ko a ajiye masa ɗaya saboda esin falo.

Bango kuwa, a nan ya nuna gwaninta. Ya shimfiɗa leda mai kauri a jikin gwangwanin waje, ya bi kowace gaɓa da salatef, ya cusa audugar gilashi sabuwa dal tsakanin ƙarafa, ya rufe da katako mai ruwan zuma. Kusoshin ma a layi suke kamar sojoji. Cikin kwana goma sha biyu ya gama, har maƙwabcinsa mai walda, wani ɗan Pakistan da bai taɓa yabon kowa ba, ya leƙo ya ce a ba shi haya.

Magdalena ce ta ɓata masa shagalin. Ta zo ta zauna a bakin gadon, ta shafa bango, ta ce ya yi kyau, amma ya gwada? Ya ce ta ina zai gwada, a garin da ko ruwan famfo sai an bari ya huce kafin a yi wanka? Ta ce ita dai a kicin ɗinsu ba a kai wa yara abinci sai an ɗanɗana. Ya ce ita ba ta san aikin ba. Ta ce haka ne, ta ci gaba da shafa bangon.

Maganar ta kwana a ransa, da safe ya kira Alhaji Ɗalhatu. Alhaji Bakano ne mai shigo da daskararrun kaji, yana da sito a Al Warsan mai ɗakunan sanyi uku, kowanne babbar mota za ta iya juyawa a ciki, kuma Jeremiah ne ke kula da ƙofofinsu. Aka yi sa'a ɗaki ɗaya babu kaya, ana jiran kwantena. Da Alhaji ya gane abin da ake roƙonsa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shekara talatin yana sa kaji a firiza, bai taɓa sa direba ba. Ya amince, da sharaɗin za a bar shi ya shiga ya ga ƙarshen abin.

Ranar Asabar da hantsi suka tura karafan cikin ɗakin, aka jawo waya daga waje aka haɗa hita da risho na lantarki, aka saita sanyi a ashirin ƙasa da sifiri, aka ja ƙofa. Su huɗu ne a ciki. Alhaji ya ɗora rigar sanyin ma'aikatansa a kan babbar riga, ya zama kamar buhun da aka cika da yawa. Magdalena ta zo da tukunya da kayan gwate, ta ce tunda za a yi zaman Pankshin a yi shi da hujja. Sanda ya zauna a bakin gado, hannu a cinya, kamar wanda ya zo neman biza.

Awa ɗaya, awa biyu, ɗaki ya ɗumame. Ta taga suna hango bangon firizar ya yi fari da ƙanƙara, su kuwa har Alhaji ya tuɓe rigar aro. Gwate ya dahu, aka ci, aka ɗora shayi. Da azahar ta yi Sanda ya buɗe famfo, ruwa ya zubo, ya yi alwala, shi da Alhaji suka yi salla a ɗan filin da ke tsakanin gado da ƙofa. Jeremiah kuwa baki har kunne. Ya cire riga ya rage singileti, ya ɗauki kansa hoto, ya soma ba Alhaji tarihin sanyin Filato tun daga kakansa.

Magdalena ba ta saurarensa, ta riga ta haddace. Tagar kusa da ita take kallo. Ta ɗaga labule ta ga ruwa yana gangarowa a jikin gilashin, ta goge da gefen zani, kafin ta zauna ya sake taruwa. Ta duba kan kusoshin nan da ke jere, kowanne da ɗigon ruwa a kansa. Ta bari sai da mijinta ya tsaya shan iska tukuna.

"Baban Felicity, a gidan Mama, watan Disamba, idan muka kwana mu shida a ɗaki ɗaya, ta ina kwanon rufi yake ɗiga?"

"Ta ciki mana," in ji shi. "A kan fuskar mutum ma."

Bai rufe baki ba ya gane kuskurensa. A Dubai zafi da danshi a waje suke, sanyi a ciki. A inda Sanda za shi kuwa sanyin ne a waje, danshin duk a ciki: numfashin mutum, tururin shayi, ruwan alwala, safar da aka shanya. Wannan tururin zai ratsa katako, ya ratsa auduga, ya je ya tarar da leda mai sanyi a jikin gwangwani, ya zama ruwa a can inda ido ba ya gani. Ledar da ya kamata ta tsaya a gaba ta tare shi, shi ya kai ta baya. Abin da kowace tsohuwa a Pankshin ta sani, shi ya bar shi a filin jirgi ranar da gilashinsa ya yi fari.

A nan fa sai a faɗi gaskiya, Jeremiah ya yi tunanin yin shiru. Ɗaki da ɗumi, kowa ya gani da idonsa, Alhaji shaida ne. Kwana shida suka rage. Idan ma abin zai nuna, sai an yi mako biyu a can, kuma wa zai ce laifin leda ne ba na Kazakistan ba? Magdalena kuwa kofuna take tattarawa. Sai Sanda ya ɗan yi gyaran murya, ba tari ba ne sosai, irin wanda ya rage masa tun asibiti. Jeremiah ya miƙa hannu cikin jakarsa ya ɗauko sukudireba.

Ya kwance katakon da ke daidai kan gado, inda Sanda zai riƙa sa kai. Ya tura hannu cikin audugar ya ji ta da laima. Ya janye ta gefe, sai ga ledar a baya ta yi fari da ƙanƙara, kamar an barbaɗa mata gishiri. Ya matsa don kowa ya gani. Ya ce wannan na awa biyar ne. A mako shida audugar za ta jiƙe sharkaf ta daskare, ɗakin ya koma gwangwani, ga fumfuna a bayan katako daidai hancin mai ciwon ƙirji. Ya ce kuskurensa ne, ya sa leda a baibai, tun daga ƙofa har ƙarshen bango.

Alhaji ya leƙa, ya taɓa ƙanƙarar da yatsa, ya ce ikon Allah, ashe aikin bai ma tafi ba ya dawo. Sanda ya ce a bar shi haka, ko a yaya ya fi tanti, kuma kwanakin sun ƙure, kada Jeremiah ya kashe kansa.

"Malam Sanda," in ji Jeremiah, "shekara biyar ka kwana a bakin esi saboda ni. Ba za ka ƙara kwana ɗaya a sanyi saboda ni ba."

Shekara goma sha shida ba a taɓa faɗin maganar nan a fili ba. Sanda ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Ƙafata ce take bugun ƙarfe," in ji shi.

Magdalena ta juya baya tana goge tukunyar da ta riga ta goge. Alhaji, wanda bai san kan zancen ba, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce yalla, maza a buɗe ƙofa kafin ma'aikata su ɗauka maigidansu ya daskare.

Abin da aka yi a kwana goma sha biyu, a biyar aka warware shi aka sake. Jeremiah ya sallami motar madara biyu da ke jiran layi, ya ce su je wurin wani, abin da bai taɓa yi ba. Ranar Lahadi daga coci shago ya wuce da rigar cocinsa. Ya kwance katakon nan mai ruwan zuma ɗaya bayan ɗaya, yana jin kowace kusa kamar haƙorinsa ake cirewa. Ya yaye tsohuwar ledar, ya zubar da audugar da ta sha laima, ya sa sabuwa, ya rufe ƙarafan bango da siririn soso don kada sanyi ya biyo ta cikinsu, sannan ya shimfiɗa leda ta ciki, ya bi ta da salatef har zagayen makunnin fitila. Sanda yana zuwa idan ya tashi aiki ya riƙe masa katako. Mai walda ma ya shigo ya kama, yana mita da harshensu.

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne huda bango. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana toshe kafa, yau ga shi da na'ura yana fasa biyu da gangan, ɗaya a ƙasa kusa da ƙofa, ɗaya a rufi, don tururi ya sami hanyar fita, hayaƙin hitar gas da za a kunna a can kuma kada ya kwana da mutum. Ya gargaɗi Sanda cewa komai sanyi kada ya kuskura ya cusa musu tsumma. Daga ƙarshe ya yanka wata 'yar ƙofa a katakon kan gado, faɗin tafin hannu, da murfi mai roba. Ya ce kullum da safe Sanda ya buɗe ya tura hannu cikin audugar, ya aiko masa da abin da ya ji.

Ranar Alhamis suka sake komawa firizar Alhaji, wannan karon Jeremiah bai tuɓe riga ba, bai kuma ambaci kakansa ba. Aka tafasa ruwa har sau uku da gangan. Bayan awa biyar ya tura hannu ta 'yar ƙofar ya ji auduga a bushe ƙamas. Washegari aka ja karafan zuwa tashar jiragen ruwa.

Da ya dawo shago ya tsaya yana kallon rubutun ƙofarsa. Magdalena ta ce in dai gaskiya ake bi, sai a goge. Ya ɗauko farin fenti ya shafe layin Hausar, ya bar na Larabci da na Turanci. Ta tambaye shi dalili, ya ce ai waɗanda suka san abin da ya faru duk masu jin Hausa ne.

A tsakiyar Oktoba Sanda ya tafi. Tun daga ranar da suka kafa sansani, kowace safiya saƙon murya yake shigowa wayar Jeremiah, kuma Sanda bai sauya hali ba, kalma biyu ce tak: "A bushe." Jeremiah yakan ajiye duk abin da ke hannunsa, ya shiga lungun shago, ya manna wayar a kunne ya saurara sau uku. Ba kalmomin yake saurare ba. Numfashin da ke gabansu da wanda ke bayansu yake bi, ko zai ji wani ƙaiƙayi a maƙogwaro.

A rana ta talatin da ɗaya saƙo bai zo ba. Ta talatin da biyu ma haka. Jeremiah ya yanka soso ba daidai ba har sau biyu, ya bar abincin da Magdalena ta zuba masa ya huce a kan tebur. A'i ta kira sau ɗaya, ya ce mata matsalar sabis ce, ta ce to, su duka biyun sun san babu wanda ya san komai.

A rana ta talatin da uku da hantsi wayar ta yi ƙara. Saƙon minti ɗaya da rabi ne, daga mutumin da bai taɓa wuce daƙiƙa uku ba. Sanda ya ce guguwar ƙanƙara ce ta taso ta kwana biyu, ta kifar da tantuna, ta kashe sabis. Kuku da direbobi biyu a ɗakinsa suka fake, sannan hitar motar tsuntsaye ta mutu, aka kawo masa shaho uku aka jera a kan tankin ruwa, ɗaya har ya yage labulen Maman Felicity, a ba ta haƙuri. Ya ce Arbab da kansa ya shigo duba shahunan ya ƙi fita sai da aka yi masa shayi. Ya ce kafofin nan biyu bai toshe ba, ko da kuku ya so ya cusa musu safa. Can ƙarshe, kamar wanda ya tuna, ya ce ya tura hannu, a bushe.

Jeremiah ya saurara sau uku kamar kullum. Minti ɗaya da rabi mutum yana magana, har da dariya, babu tari ko ɗaya. Ya zauna a kan bokitin fenti ya cire gilashinsa ya goge, ko da yake a Nuwamba babu tururin da zai ɗora wa laifi.

Ya tura wa A'i saƙon yadda yake. Ya soma rubuta wani abu a ƙasa game da leda da Pankshin, ya tsaya, ya goge. Ba a jima ba amsarta ta shigo, ita ma gajeriya.

"Baban Felicity, na gane muryarsa."